Kafin Ka Sauke Rufin Gidanka

Duk wanda ya zaga baje kolin kayan gini a zaurukan taro na otal ɗin Gaweye a Yamai, nan bakin kogin Kwara, sai ya fito da sha'awa: tayil mai walƙiya, tagogin gilashi, jan kwano. Amma a yi tambaya tukuna: don wane yanayi aka ƙera su?

A Yamai, zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Faffaɗan gilashi da kwano marar silin suna tara zafi a ɗaki, har maigida ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki. To idan wuta ta ɗauke fa? Mun ɗanɗana hakan a 2023, lokacin da Najeriya ta katse mana lantarki.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da tubalin ƙasa da ake matsawa da inji, a haɗa da ɗan siminti. Da shi mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokan aikinta suka gina gidajen Niamey 2000 a shekarar 2016, sannan masallacin Dandaji a jihar Tawa. Bango mai kauri yana jinkirta shigar zafi, kuma ƙasar tamu ce, maginan namu ne.

Sai dai ƙasa tana tsoron ruwa. Ambaliyar 2020 ta rushe gidaje da yawa a unguwannin Saga da Lamorde na Yamai. Saboda haka kuɗin farko su tafi ga harsashi mai tudu, indararo da magudanar ruwa. Tayil zai iya jira har baɗi.