Kauce wa Al'ada da Sunan da Muke Laƙaba wa Yaro

 

Masana ilimin zamantakewa sun ce ba a gane bauɗewa sai an san ƙa'idar da aka bauɗe mata. Kowace al'umma tana da abin da ta yarda da shi, kamar gaida na gaba, da kunya, da kiyaye haƙƙin maƙwabci. Wanda ya saɓa wa wannan shi ne ya kauce. Emile Durkheim, masani ɗan Faransa, ya rubuta a 1895 cewa babu al'ummar da ta rasa masu kaucewa, kuma wani lokaci su ne ke share hanyar gyara.

Tarihin garinmu shaida ne. Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, a wajen ganuwa, iyaye da yawa na cikin birni sun ɗauki kai yaro boko a matsayin ɓata. Yau wanda ya hana ɗansa karatu ake zargi. Malam Aminu Kano, ɗan Sudawa kuma malamin makaranta, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Masu mulkin lokacin sun ɗauke shi fitinanne, ga shi yanzu filin jirgin samanmu sunansa yake ɗauke da shi.

Sai dai ba kowace kaucewa ce gyara ba. Mun san abin da faɗan daba da ƙwacen waya suke jawowa a lungunanmu, kuma wasu daga cikin waɗannan samari a azuzuwanmu suka zauna. Howard Becker na Amurka ya nuna a 1963 cewa sunan da jama'a suka laƙaba wa mutum yakan tura shi ya zama abin da aka kira shi. Bahaushe ya riga shi faɗa: suna linzami. Yaron da muka kira ɗan iska a gaban 'yan ajinsu, muka kore shi, akwai dabar da za ta karɓe shi hannu biyu, ta ba shi kirari.

Don haka, kafin mu yanke hukunci, mu bincika: mai yawan tambaya ne, ko yunwa ce, ko gida ne ya rikice? Mu hukunta laifin, mu bar wa yaron sunansa na yanka, mu nemi iyayensa da mai unguwa tun icce yana ɗanye.

Allah Ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum.