Ranar 15 ga Janairu



Ran 15 ga Janairu 1966, kafin gari ya waye, sojoji suka harbe Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, a gidansa na Kaduna, tare da uwargidansa Hafsatu. Jinin bai tsaya nan ba. Ramuwa ta jawo ramuwa, aka karkashe 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, har yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Sai kuma ran 15 ga Janairu 1970, Philip Effiong na Biyafara ya miƙa wuya a Legas, Janar Gowon kuwa ya rungume shi.

A wannan rana dai, a 1929, aka haifi Fasto Martin Luther King a Amurka, wanda ya hana jama'arsa rama mugunta. Shi ma harsashi ne ajalinsa a 1968.

To, mu fa? Maƙwabtanmu Musulmi suna tuna ɗansu a ranar nan. Mun taɓa zuwa yi musu gaisuwa, ko cewa muke yi ba makokinmu ba ne? Mu ma akwai namu da ba su komo daga bakin daga ba. Bari mu sunkuyar da kai, mu kawo iyalansu duka gaban Uba.