PowerBook: Inda Aka Dace Da Inda Aka Yi Tuntuɓe



Duk wanda ya zo da kwamfutar tafi-da-gidanka, don Allah ya buɗe ta. Ku dubi inda tafin hannunku yake sauka. Fili ne a gaba, madannai kuma sun ja can ciki kusa da fuska. Kamfanin Apple ne ya yaɗa wannan tsari, a watan Oktoban 1991, lokacin da ya fito da PowerBook 100 da 140 da 170 a baje-kolin COMDEX na Las Vegas a Amurka.

Kafin nan kamfanin ya sha kunya. Macintosh Portable da ya fitar a 1989 ta kai kilo 7, da batirin dalma irin na mota a cikinta. Sunanta dai tafi-da-gidanka, amma sai mai ƙarfin kafaɗa. Da aka zo PowerBook 100, wadda Sony na Japan ya ƙera wa Apple, nauyin ya sauko kilo 2.3. Sauran kamfanoni a lokacin suna ajiye madannai a bakin gaba, hannun mai rubutu yana lilo. Apple ya tura su baya, ya dasa 'yar ƙwallo a tsakiyar filin da ya rage, ana murza ta da babban yatsa kibiya ta motsa. Mutum na cikin jirgi, kwamfuta a cinyarsa, ba ya neman tebur don linzami. A 1994 jerin PowerBook 500 ya maye gurbin ƙwallon da ɗan faifan da kuke shafawa yau.

To, laifuffukan fa?

Ƙwallon nan tana tara dauɗa, sai an ciro ta an goge. Fuskar 100 da 140 mai araha ce: ka ja kibiya da sauri ta ɓace maka, ka yi ta lalube. Ita 100 ba ta da ramin faifan fulofi a jikinta, sai dai a jona na waje. A 1992 kuma an janye guda 60,000 saboda matsalar lantarki da ke iya narka jikinta.

Babban tabon shi ne PowerBook 5300 ta 1995. An sa mata sabuwar ƙwaƙwalwa ta PowerPC, amma an hana ta ma'ajiyar gaggawa ta biyu, don haka saurin da aka yi ta shela bai fito sosai ba. Babu wurin faifan CD. Robar jikinta tana tsagewa, musamman wajen maɗaurin murfi. Sannan wasu daga cikin batiranta na lithium na farko suka kama da wuta, har aka janye su aka koma tsohon nau'i. Abin dariya, a fim ɗin Independence Day na 1996 da ita aka ceci duniya daga baƙin halittu.

A ganina gaggawa ce ta kayar da 5300, kamfanin yana cikin matsi ya tura kaya kasuwa bai nuna ba. A 2006 aka ajiye sunan PowerBook, MacBook Pro ta gaje shi. Filin da hannunku ke kai yanzu kuwa, ko Dell kuke riƙe da ita ko HP, yana nan inda aka sa shi a 1991.