Ƙishirwa Ba Daga Maƙogwaro Take Ba

(Jawabin da ɗaya daga cikinmu, likitan dabbobi, ya gabatar a taron shekara-shekara)

Shugaban taro, malamanmu kuma iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Kuna tune da yadda muke jerin gwano da bokitai a bakin famfo da bazara? A lokacin mun ɗauka ƙishirwa daga maƙogwaro take. Ashe daga ƙwaƙwalwa take.

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira haifotalamas, wanda ke lura da gishirin jini. Idan ruwan jiki ya ragu, gishirin ya ƙaru ko da kashi 2 cikin ɗari ne, sai ya yi abu biyu: ya ta da ƙishirwa, ya kuma sa a saki wani sinadari mai umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsarin mai azumi ke raguwa, ya yi ja da la'asar. A farkon shekarun 1950 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Bengt Andersson, ya ɗiga ruwan gishiri a wannan sashe na ƙwaƙwalwar akuya. Nan take akuyar da ba ta jin ƙishi ta dinga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa.

Raƙumi kuwa gwani ne. Tozonsa kitse ne, ba ruwa ba. Dabararsa tsimi: idan ruwa ya yi wuya, zafin jikinsa kan tashi daga digiri 34 da asuba zuwa kusan 41 da rana, don kada ya ɓarnatar da gumi. Yakan rasa rubu'in nauyinsa bai faɗi ba, sannan ya shanye lita 100 cikin 'yan mintoci. Wa ke gaya masa ya isa, alhali ruwan bai gama shiga jini ba? Baki da maƙogwaro da ciki, su ke aika wa ƙwaƙwalwa lissafi.

Amma ba kowa ne raƙumi ba. Na sha ganin ragon layya da aka yi ta ɗura wa dusa aka manta da ruwa, har tsakuwa ta toshe masa hanyar fitsari, kwana kaɗan kafin Sallah. Asarar watanni ke nan, saboda bokiti guda.

Mu ma haka. Idan shekaru suka ja, jin ƙishi kan dushe, mutum ya bushe bai sani ba. Na duba zauren nan, furfura ta yi mana yawa. Saboda haka, malamanmu, yau ɗalibinku ne zai ba ku aikin gida: da zafi, kada ku jira sai ƙishirwa ta yi sallama.

Allah Ya maimaita mana.