Wutar Hunturu da Tsimin Itace



Hunturu ya shigo, sanyi ya sauko. Yau maganarmu a kan wutar jin ɗumi ce, da yadda za a yi tsiminta.

A wasu ƙasashen Turai da mai ake ɗumama ɗaki. Mu nan Tasawa da Mayahi itace muke ƙonawa, da gawayi, da karan hatsi. Kowace asuba ana ɗora ruwan wanka. Kowane dare ana kewaye wuta. Itacen kuwa daga ina? Daga gonakinmu, daga kwarin Gulbin Kaba. Gawon da manomi ya yi shekaru yana tattali, dare ɗaya sai a sare masa rassa.

To, mu fara da murhu. Duwatsu uku a fili, iska na kaɗawa, zafi na tafiya a banza. Murhun laka, ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi, yana tsare wuta a gindin tukunya. Uwargida, a rufe tukunya. A sa busasshen itace, don ɗanye hayaƙi ya fi yi. Ruwan wanka kuma a ɗora shi a kan garwashin tuwo, kada a hura sabuwar wuta. Mai hali ya koma gas. Tun 2011 matatar mai ta Damagaram take fitar da shi.

Sai kashedi, a ji da kyau. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kisa cikin barci. A fitar da kasko kafin a kwanta.

Mu kwana nan. Allah ya ba mu lafiya.