Gayyar dashe a bakin rafi: jawabi ga taron asusu

 Kafin a buɗe akwati, ku ba ni aron kunnuwanku.

Wadda duk ke da lambu a bakin rafi ta san yadda gaɓa ke zaftarewa kowace damina. Bana taku ɗaya, baɗi taku biyu, har kunyar albasa ta bi ruwa. Kuma da kuɗin albasar nan ne da yawanmu ke biyan bashin asusu. Abin da ke riƙe gaɓa saiwa ce, mu kuwa mun sare itatuwan mun yi girki da su.

Gyaran ba ya buƙatar sayen iri. Ceɗiya, durumi, aduruku da dashi duk suna kamawa daga reshe, kamar yadda iyayenmu ke kafa shinge. A ƙarshen bazara, gab da saukar ruwa, a sari reshe mai kaurin babban yatsa ko fiye, tsawonsa kamu ɗaya zuwa biyu. A fiƙe gindin, a zage ganyen, a binne fiye da rabinsa, a taka ƙasar da kyau. Don Allah a duba idon reshen yana kallon sama. Wanda aka kafa a kife ba zai tsiro ba. Kada a kwashe rassan bishiya ɗaya, a ɗiba kaɗan-kaɗan.

Itatuwan a ja su baya kaɗan, saman gaɓa. Kusa da ruwa kuma jema ce gwana, don saiwarta na nutsawa ƙasa sosai kamar raga. A raba tushenta, a datse ganyen, a jera ta layi-layi tana bin gefen rafi, tazarar tafin hannu. Ganyen kwa yanka ku yi saƙa, amma saiwar a bar ta, ko da ana son ƙanshinta.

Inda gaɓa ta tsaya cak kamar bango, sai maza sun kwantar da ita da fartanya tukuna.

Sai awaki. Dashen da ba a kewaye da ƙaya ba, kiwo aka kai musu. A kuma bar wa makiyaya mashaya a buɗe, kada gyara ya jawo rigima.

Shugaba da ma'aji za su je wajen mai unguwa da masu gonakin a nemi izini. In an amince, kowa ta zo da adda da reshe goma ranar gayya.