Darussan Intanet na Kowa da Kowa: Wa Suka Amfana?



A shekarar 2011 wasu malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka ɗora darasin ƙirƙirarriyar basira na Jami'ar Stanford ta Amurka a intanet kyauta, mutum wajen 160,000 suka yi rajista. Shekara na zagayowa aka ƙaddamar da dandalin darussan intanet na Coursera da na Udacity, jami'o'in MIT da Harvard kuma suka haɗa hannu suka buɗe edX. Nan fa aka shiga yayata cewa ɗan talaka, ko a wane lungu yake, zai kwashi karatu daga bakin manyan farfesoshi ba tare da biyan ko sisi ba. Matsayar wannan takarda ita ce an yi wa rogo kallon kitse. Isar da lacca aka sauƙaƙa, koyarwa kuwa tana nan da wuyarta.

A 2013 Jami'ar Jihar San Jose ta gwada darussan Udacity kan ɗalibai, ciki har da masu rauni a lissafi, faɗuwar ta yi yawa har aka dakatar da shirin. A shekarar dai, binciken Jami'ar Pennsylvania ya nuna cewa wajen kashi 80 cikin ɗari na masu bin darussanta a Coursera sun riga sun mallaki digiri. Nazarin Justin Reich da abokin aikinsa a mujallar Science a 2019 kuma ya gano cewa masu kammala darussan MIT da Harvard ba su wuce kashi 3 da 'yan kai ba. Hatta alkawarin kyauta bai ɗore ba, domin a 2021 an sayar da edX ga kamfanin 2U kan dala miliyan 800.

Za a ce ƙididdigar kammalawa ba adalci ba ce, tunda da yawa leƙe suka shigo yi, suka ɗauki abin da suke bukata suka tafi. Wannan gaskiya ne, injiniyan da ya koyi babi guda ya ƙaru. Sai dai ba shi aka ce za a ceto ba. Wanda aka yi wa alkawari shi ne matashin da ya rasa gurbin jami'a, wanda Turanci ke ba shi wuya, lantarki da kuɗin data ke yanke masa darasi, kuma babu malamin da zai lura ya daina zuwa.

Inda tsarin ya yi tasiri, hukuma ce ta tsaya masa. Indiya ta ƙaddamar da dandalin darussan intanet na SWAYAM a 2017, ta haɗa shi da jarrabawa mai sa ido, ta kuma amince jami'o'i su lissafa makin cikin digirin ɗalibi. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, tun farko takan haɗa ɗalibi da malamin da ke duba aikinsa. Ita ma Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya (NOUN), da aka farfaɗo da ita a 2002, cibiyoyin karatunta da zauren jarrabawa ne suka ba takardar shaidarta daraja, kuma nan ya kamata kuɗi ya fara zuwa kafin a sayi sabuwar manhaja.